Hannun Rigar Surukina

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kai loma baki a gaban surukina ba. Ban taɓa zama a kujera yana kan kujera ba, ban kuma taɓa ce masa a'a ba, ko da ya kama hanyar da na san ba ta ɓullewa. A Kano wannan ba wani aiki ba ne, gida da faɗi, in ka ji gyaran muryarsa a zaure sai ka sulale ta wata ƙofar. Amma a Dubai ɗaki biyu da falo ne da mu a unguwar Al Rigga, ƙofar shiga kuma ɗaya tal. Da ya zo ya zauna da mu a sanyin shekarar 2018, sai na koma cin tuwo a tsaye a kicin, tsakanin firji da injin wanki.

Alhaji ɗan kasuwa ne, shadda da yadi yake sarowa ya kai Kantin Kwari. A da in ya zo otal yake sauka a unguwar Al Sabkha kusa da 'yan'uwansa 'yan kasuwa, mu je mu durƙusa mu gaishe shi, ya tambayi yara, shi ke nan an rabu lafiya. Wannan karon kuwa ya zo da ƙafa mai yi masa zugi da daddare, yatsunsa ba sa jin taɓi sosai. Likita ya auna shi ya ce sukari ya yi yawa, kuma in bai tashi daga kujera ya dinga motsa jiki ba, wata rana wuƙa ce za ta yi magana a kan ƙafar nan. Matata ita ce ta raka shi, ita ce ta ji wannan da kunnenta. Ta dawo ta hana shi komawa otal, ta ce a gabanta zai zauna har sai likita ya sallame shi.

Magani yana sha ba gardama. Tafiyar ce ya ƙi.

"Tafiya ba inda za ni?" in ji shi. "Mutanen Sabkha su hango ni ina zagaye titi kamar wanda akuyarsa ta ɓata? Su ce kwantena ta nutse, Alhaji ya zauce."

Matata ta kai shi ɗakin motsa jiki da ke saman benenmu, ta nuna masa injin tafiya. Ya tsaya ya kalli wani ƙato yana ta gumi a kai, ya tambaya ina yake son zuwa. Aka ce babu. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya juyo ya sauko.

Ana haka wata Alhamis ya ga jakata a bayan ƙofa, ya ce murafan robar nan na mene ne. Na durƙusa na yi bayani ina kallon kafet. Wani abokin aikina ne ya koya min wasan. Kowace Juma'a da sassafe wasu mutane, yawancinsu Turawa, suna kafa kwanduna a wani lambun shaƙatawa, kowane kwando a kan sanda, da sarƙoƙi suna reto a samansa. Daga nesa za ka jefa faifan roba, ka taka zuwa inda ya faɗi, ka sake jefawa, har ya bugi sarƙa ya faɗa kwando, sannan ka nufi kwando na gaba. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci.

"Wato akwai inda ake nufa," in ji Alhaji.

"Akwai, Baba."

"Kuma akwai wanda ake cinyewa."

"Akwai, Baba."

"To wannan magana ce. Gobe da ni."

Matata tana bayansa, ta ɗora hannu a ƙirji ta ɗaga ido sama. Ni kuma na san abin da ke jirana.

Na baje masa fayafayan a kan kafet ya zaɓa. Iri uku ne. Akwai mai kaurin baki, wanda ba ya nisa amma yana tafiya inda ka aike shi. Akwai matsakaici. Akwai kuma mai siririn baki mai kaifi, na jifa mai nisa, wanda sai hannu mai gudu yake yi wa biyayya. In hannunka ba shi da wannan gudun, faifan ba ya yi maka kara, yana tashi sai ya karya hagu ya soki ƙasa. Duk ɗan koyo da mai kaurin baki yake farawa. A jikin kowanne akwai lambobi, ta farko tana nuna irin gudun da yake nema.

Alhaji ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya yi musu binciken shadda. Ya lanƙwasa, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ɗaga wa haske, har ya shinshina. Mai kaurin baki ya ture shi gefe da bayan hannu, ya ce na yara ne. Ya ɗauki wani ja mai tauri, wanda lambarsa ta fi ta kowa girma, wanda ni kaina na saya ne don ganin ido ban taɓa iya sarrafa shi ba.

"Baba, wannan yana ɗan son ƙarfi," na ce a hankali.

"Ka ga alamar ba ni da shi ne, Injiniya?"

"Akwai, Baba, akwai."

Iyakar darasin da na iya ba shi ke nan.

Washegari ya fito cikin babbar riga fara mai aiki, da hula, da turare kamar za shi ɗaurin aure. Na so in yi maganar rigar, na haɗiye. A lambun Turawa suka taru suna gaishe shi da girmamawa, wasu har da ɗaukar hoto, ina jin sun ɗauka wani basarake na kawo musu. Alhaji ya amsa gaisuwa yadda ya dace da basarake, sannan ya tsaya a wurin jifa.

A jifan farko na gane cutar, kuma na gane ba ta jiya ba ce. Duk mai saka babbar riga ya san motsin nan na tattaro hannun riga daga ƙasa a watsa shi kan kafaɗa. Alhaji ya fi shekarun haihuwata yana yin sa, a kasuwa, a masallaci, a tsakiyar ciniki in yana son mai saye ya san da wa yake magana. Hannunsa ba ya sanin wata hanya sai daga ƙugu zuwa sama. Haka ya tattaro faifan daga ƙasa ya watsa shi kamar hannun riga. Faifai ya fita hancinsa a ɗage, ya yi sama kamar zai kai saƙo, iska ta tokare shi a ƙirji, ya tsaya cak yana tunani, sannan ya karkata hagu ya rikito. Ya faɗi kusa da wasu iyalin Indiyawa da suka shimfiɗa tabarma suna karin kumallo.

"Masha Allah," na ce.

"Ka ga tsawon da ya yi?" in ji Alhaji. "Naka ko rabinsa bai kai ba."

Gaskiya ya faɗa, sai dai a wasan nan ba a ba da maki don kusantar gajimare. Jifa na biyu hagu, na uku hagu. Kafin mu kai kwando na uku Indiyawan sun naɗe tabarmarsu sun koma can dama, sun riga ni fahimtar tsarin wasan Alhaji. Wani Bature mai kirki ya matso yana nuna masa da hannu cewa ya riƙe faifan a kwance ya ja shi a miƙe. Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce da Larabci, "Shwaiya shwaiya, habibi," wato sannu a hankali, abokina. Da Baturen ya wuce sai Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Wannan ne zai koya min jifa? Ina korar tsuntsu a gonar gero da hoge tun ba a haifi ubansa ba."

Abin mamaki, maganin ya yi aiki. Duk inda mutane suka taka sau ɗaya, Alhaji sai ya taka sau uku, daga shinge zuwa gindin bishiya zuwa bayan wurin zaman mutane, yana bin jan faifansa. Bayan Juma'a ma sai da muka ƙara da Asabar, mu kaɗai da kwandon da na aro. Sukari ya fara sauka, barci ya dawo masa. Likita ya yaba, ya ce duk abin da yake yi ya ci gaba. Na zauna ina tunanin a duk Dubai babu wanda rashin iya jifa ya yi wa rana kamar surukina, har na ce a raina a bar kaza cikin gashinta.

Amma girma ba ya jure dariya. Wata Juma'a ya gayyato wani amininsa daga Al Sabkha, dillalin kago mai loda kayan 'yan kasuwa a jirgi, mai baki kamar reza, don ya zo ya ga yadda ake cin Turawa. Mutumin ya tsaya ya ga jifa ɗaya, ya ga na biyu, a na uku ya riƙe ciki.

"Alhaji, wallahi kayanka da na loda a tashar jirgin ruwa ta Port Saeed sun fi faifan nan sanin hanya! Su ko ba komai suna isa Kano."

Alhaji ya yi murmushin yaƙe. Da muka isa gida ya jefa faifan kan kujera ya ce jabu ne, an cuce ni, in nemo masa lambar mai kawo su. Daga baya ya ce iskar teku ce. Na saurara ina gyaɗa kai, ina kallon yadda aka bar jaki ana dukan taiki. Can ya yanke hukunci.

"Juma'a mai zuwa ita ce ta ƙarshe. In abin nan bai shiryu ba, khalas, shi ke nan. Ba zan tsufa ina zama abin kallo ba."

Matata ta same ni a kicin ina cin abinci a tsaye. Idonta ya yi ja.

"Ka san abin da likita ya ce a kan ƙafar nan. In ya daina wannan, wallahi ba zai sake takawa ba sai daga kujera zuwa mota. Kai ka san abin da yake yi ba daidai ba, ka gaya masa mana."

"Ni? In kalli Baba in ce masa hannunsa ya karkace, kuma zaɓinsa na kaya bai yi ba? Mutumin da duk Kwari ke kawo masa yadi ya duba? Ke ki gaya masa, ai mahaifinki ne."

Ta harare ni, don ta san na san amsar. Ita ce 'yar fari. Ko sunanta ba ya kamawa, "yarinyar nan" yake ce mata ga ta da 'ya'ya uku. Tsakaninsu gaisuwa ce da miƙa magani. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushin kaina, ƙato da ni, ina tsara hanyar ruwa ta bene mai hawa arba'in amma na kasa daidaita wuyan hannun tsoho ɗaya.

Sai muka yi abin da Bahaushe ke yi in magana ta fi ƙarfin bakinsa, muka nemi ɗan aike. Muka bugo wa Hajiya, mahaifiyar matata, a Kano. Ina tsaye ina raɗa wa matata, ita tana faɗa wa Hajiya, don ni ko ita ba na iya doguwar magana da ita. A gaya masa ya kwantar da hancin faifai. Ya ja shi daidai ƙirji. Ya canza zuwa mai kaurin baki. Hajiya ta ce wane irin faifai ne kuma mai hanci, ta ce Allah ya kyauta, amma ta karɓi aike. Haka shawarar da za ta taka daga kicin zuwa falo ta haye teku ta je Kano ta dawo. Bayan sallar la'asar muka ji wayarsa ta yi ƙara, muka kasa kunne ta bango.

"An ce? Wa ya ce?" Shiru. "An ce dai? To ki ce wa An Ce na gode." Shiru kuma. "Hajiya, ke da ba ki taɓa jefa komai ba sai magana, yau ke ce malamar jifa?"

Matata ta zauna a kan buhun shinkafa ta rufe fuska.

Saura dabara ɗaya, hannunka mai sanda. Ranar Juma'ar ƙarshe na shirya zama wawa. A kwando na farko na tattaro faifaina daga ƙugu na watsa shi sama da gangan, ya karya hagu ya faɗi. Na buga cinya na ɗaga murya.

"Kai amma ni sakarai ne! Na ɗaga masa hanci! Ai a kwance ake sakinsa!"

A na biyu na ɗauki mai kaifi na ɓata jifa, na ce, "Wa ya aike ni ɗaukar wannan? Ai mai kaurin baki shi ne daidai da irin hannuna!" Haka na yi ta zagin kaina kwando bayan kwando, har Baturen nan mai kirki ya zo ya tambaye ni ko lafiya a gida. Alhaji yana kallona yana girgiza kai.

"Gaskiya yau hannunka ya lalace, Injiniya. Ka dinga kwantar masa da hanci mana. Kuma ka bar mai kaifin nan, ya fi ƙarfinka."

"To, Baba. Na gode, Baba."

Ya gyara tsayuwa, ya watsa hannun riga kan kafaɗa, ya tattaro jan faifansa daga ƙasa ya aika shi sama. Wannan karon bai ma dawo ba. Ya maƙale a kan wata doguwar bishiyar dabino, can cikin ganye, gefensa kawai ake hangowa.

Alhaji ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya taka a hankali zuwa wani benci ya zauna, ya cire takalmi, ya kama yatsun ƙafarsa yana matsawa ɗaya bayan ɗaya, yadda likita ya ce ya dinga gwadawa. Ban taɓa ganin ya yi haka a gaban mutane ba.

"Ɗauko mota," ya ce. "Mu tafi gida."

Na durƙusa a gabansa kan ciyawa. Ban shirya komai ba, ƙafar kawai nake kallo, ina tuno jan idon matata.

"A'a, Baba."

Ni kaina sai da na waiga in ga wanda ya faɗa. Alhaji ya saki ƙafar. Na jira tsawa, na jira ya ce in maimaita. Daga nesa sarƙar wani kwando ta yi ƙara.

"Tun safe kake zagin kanka," ya ce daga ƙarshe, muryarsa ƙasa ƙasa. "Shekaranjiya kuma Hajiya ta bugo daga Kano tana maganar hancin faifai. Ni ɗan kasuwa ne, Injiniya, in an turo min yaro ya taya kaya na san wanda ya turo shi. Jira nake in ga ko akwai mai gaya min a fuskata." Ya kama gaban rigarsa ya jijjiga. "Kowa tsoron wannan yake. A shekarun nan likitan can ne kaɗai ya gaya min gaskiya, shi ma don ba Bahaushe ba ne."

Ya mayar da takalmi, ya miƙe, ya cire hula ya ba ni. Sannan ya sunkuya ya zare babbar rigar ta kansa ya ɗora min a kafaɗa. Daga shi sai 'yar ciki da wando. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ashe rigar ce mai ƙiba, mutumin da ke ciki ciwo ya riga ya cinye rabinsa. Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona.

"Ba ni na yaran," ya ce. Na miƙa masa mai kaurin baki. Ya miƙo min hannunsa. "To kama ka nuna min. Yalla, mu fara."

Na kama wuyan hannun surukina. Yatsuna biyu suka zagaye shi har da saura. Na danna shi ƙasa kaɗan har hancin faifan ya kwanta, na kai hannun daidai ƙirjinsa, na ja shi a miƙe zuwa gaba. Na ce kada ya bari ya sauka ƙugu, kada kuma ya haura kafaɗa, daga ƙirji ne zuwa ƙarshen hannu. Muka yi sau ɗaya, muka sake. Sai ya tsaya ya kalle ni.

"Wannan ai awon yadi ne."

"Shi ne, Baba."

"Shi ne tun farko ba ka ce awon yadi ba, ka bar ni ina ta jifan Indiyawa?"

Ya ture hannuna, ya gyara ƙafa, ya ja faifan daga ƙirji ya miƙe hannu kamar mai auna wa amarya shadda. Faifai ya fita a kwance, daidai tsayin mutum, ya tafi ɗoɗar ba hagu ba dama. Bai yi nisan kirki ba, ko rabin hanya bai kai ba, amma ya sauka a tsakiyar fili a kan cikinsa. Alhaji bai ma jira ni ba. Ya kama hanya da sauri ya bi shi, ni ina biye da hula a hannu da riga a kafaɗa tana zamewa ina tattarowa. A jifa na huɗu sarƙa ta yi ƙara, faifai ya faɗa kwando. Baturen nan ya tafa. Alhaji ya ɗaga masa hannu ɗaya, ya nufi kwando na gaba.

Jan faifan muka bar wa dabino. Kafin mako ya zagayo labari ya iso min daga Al Sabkha cewa Alhaji ya gyara wa surukinsa injiniya hannu, yaron kirki ne amma ya cika ɗaga hanci. Dillalin kago ne ya tare ni da maganar a bakin tashar jirgin ƙasa na metiro yana dariya. Na ce ƙwarai haka aka yi.

Juma'ar da ta biyo baya na makara kaɗan bayan asuba. Ina fitowa falo na same shi a tsaye bakin ƙofa cikin 'yar shara, takalmi a ɗaure, faifan yara a hammata. Babbar rigar tana rataye a bayan kujera. Matata ta fito da shayi, ta gan shi haka, ta ajiye tire ta koma kicin da sauri, na ji ta buɗe famfo da ƙarfi.

"Yarinyar nan lafiya?" in ji shi.

"Lafiya lau, Baba."

"To me muke jira?"

Ya koma Kano da yatsun ƙafarsa goma cif, da fayafayai masu kaurin baki a cikin akwati. Abinci kuwa, har yau in ya zo a kicin nake ci a tsaye. Wannan bai ce in daina ba, ni ma ban tambaya ba.